Takalman Zariya a Dutsen Surukata

Mun bar Tudun Wada tun masu kiran salla ba su sauko ba, mu uku: ni, da mai ɗakina, da maƙwabcinmu baduku, wanda nake kira Sarkin Dukawa don tsokana ko da yake ba wanda ya naɗa shi. Zafin bazarar bana kun san shi, ba sai na faɗa ba. Ko da asubar nan gumi muke yi, kuma duk ƙofar gidan da muka wuce mutane a waje suke kwance kan tabarmi. Muka ratsa gadar Kubanni, ruwan ya janye sai yashi da 'yan kududdufai, muka nufi tasha.

Bari in gaya muku dalilin tafiyar, don wasu sun ɗauka yawon buɗe ido malamin makaranta ya tafi. Mai ɗakina ba haifaffiyar Zariya ba ce, ko da yake in ta buɗe baki ba za ku yarda ba. A kan wani dutse aka haife ta, can bayan Jengre, dutsen da sunansa ya fi ƙarfin harshena. Tana ƙarama kawunta mai aikin jirgin ƙasa ya ɗauko ta ya kawo wa matarsa riƙo, a nan ta girma, a nan na same ta. Sau ɗaya ta koma, kafin aurenmu, da rani. Daga nan sai haihuwa, sai reno, bana ta zama baɗi, baɗi ta zama baɗin baɗaɗa, har aka fi shekara ashirin. To, bayan Kirsimeti sai wani leburan kuza ya biyo ta gidanmu da saƙo daga wanta: Inna ta tsufa, ido ya tafi, ƙafa ta ƙi, kuma sunan 'yarta take kira. In za a zo a zo kafin damina, don hanyar dutse ba ta hawuwa cikin ruwa.

Muka zauna muka yi shawara. Na ce makaranta ba ta barin mutum sai hutun Ista, kuma hutun Ista tsakiyar bazara ne, ruwa da sauran wata guda ko fiye. Mai ɗakina ta ce haka ne. Fastonmu ya ce haka ne. Sarkin Dukawa ya ɗaga kai ya dubi sama ya ce ai ko gajimaren da ya kai tafin hannu babu. Duk wanda muka tambaya a Tudun Wada amsarsa ke nan, kuma duk gaskiya suka faɗa, don damina ɗaya muka sani, ta Zariya. Mai ɗakina ta samu lokaci ta gama saƙa wa Inna rigar sanyi ta ulu, ta naɗe ta a kwano mai murfi.

Shi Sarkin Dukawa cewa ya yi zai raka mu don ya ji fatar akuya tana da araha a wancan gefen, amma ni na san ƙafarsa ce ke ƙaiƙayi. Kuma wai shi gwanin hawan dutse ne. Shaidarsa? Mun taɓa hawa Kufena ni da shi, muka zauna a bisa muka ci gyaɗa muka sauko kafin azahar. Tun ran nan in ana maganar dutse a bakin rumfarsa sai ya gyara zama. Don tafiyar nan ya ɗinka mana sababbin takalma, ja wur, da ado a fuska, ƙasansu sumul kamar bayan ludayi, ya ce kada mu je gidan surukai da ƙafar talakawa. Kuɗi kuwa ya rantse ba zai karɓa ba.

Ƙaramin jirgin nan na Jos muka shiga, mai siririn dogo. Wanda bai taɓa shigarsa ba zai ce ƙarya ake yi masa, amma gani ya kori ji. In ya zo hawa sai ya riƙa nishi kamar tsohon jaki, samari su dira su taka a gefensa suna hira da na ciki, in ya sami gangara su kama su koma. Taragonmu cike yake da leburorin kuza masu komawa bakin aiki, da mata da ƙore, da kajin da ba su biya kuɗin jirgi ba amma sun fi kowa surutu. Tartsatsin gawayi yana shigowa ta taga, ɗaya ya huda wa Sarkin Dukawa hannun riga, ya yi ta mita har Soba. A Soba muka sha fura mai kyau, kuma mangwaron da ake ba mu uku kwabo a Tudun Wada, a can tuli guda ne.

Bayan Dutsen Wai sai ido ya fara ganin abin da bai saba gani ba a wannan lokaci. Ƙasar da muka baro fara fat ce, amma nan ga ɗanyar ciyawa ta leƙo. Na ce wa abokan tafiyata fadama ce. Da muka ƙara gaba ga mutane a gona suna huɗa, na ce masu himma ne. A Rahama kuwa mata suka yi wa jirgi caa da faifai, suna tallan soyayyen shinge, ƙwarin nan masu fiffike da ba sa fitowa sai ruwa ya jiƙa ƙasa sosai. Mai ɗakina ta sayi na kwabo, ta riƙe a tafin hannu, ba ta kai baki ba.

Ta ce, "Malam, an yi ruwa a nan."

Na ce ɗan yayyafi ne da ya yi ɓatan kai. Ba ta musa mini ba, amma daga nan har Jengre kwanon rigar nan yana kan cinyarta ta rungume shi.

Da magariba muka sauka, iska mai sanyi ta yi mana maraba, har Sarkin Dukawa ya tambaya ko a nan ba a san ana bazara ba. Wani bafatake ɗan Zariya da ya sani ya ba mu masauki. Da gari ya waye muka kama hanya a ƙafa, ƙasa ja, danshi ko'ina, gonaki kewaye da dangar ƙerana mai ƙaya. Kafin rana ta take muka isa ƙauyen da ke gindin dutsen, inda wan mai ɗakina yake zaune. Mutanensu da yawa sun sauko sun yi gidaje a ƙasa kusa da gona da kasuwa, amma Inna ta ce inda aka binne mijinta nan za ta zauna.

Dutsen kuwa, jama'a, da na ɗaga kai sai hulata ta nemi faɗuwa. Kansa ma ba mu gani ba, gajimare ya rufe shi. Na waiwaya na dubi gwanin Kufena, na ga shi ma ni yake duba, sai kowa ya kawar da kai.

Wan nata dogo ne, mai yawan dariya, yana jin Hausa irin ta filin kuza. Ya riƙe hannun ƙanwarsa ya ƙi saki, sannan ya tambaye mu me ya tsayar da mu. Da na ce ai mun zo kafin damina, sai ya yi dariya har da tafa cinya, ba dariyar raini ba, irin wadda ake yi wa baƙo in ya sha miya da hannun hagu. Ya ce su ruwa ya sauka musu tun watan jiya bai mutu ba, har an shuka. Dutse ke tare gajimare, shi ya sa su ke fara sha kafin a kai wa na ƙasa saura. Ya ce lokacin hawa na ƙwarai shi ne kaka, in an yanke acca: ruwa ya ɗauke, dutse ya bushe, rafuka sun kwanta, kuma sanyin nan mai fasa leɓe bai riga ya shigo ba. Da rani ma ana hawa in mutum zai jure sanyi da ƙishi. Yanzu kuwa sai dai a saci hanya da safe, don hadari da yamma yake zuwa, kuma akwai wani rafi a tsakiyar hanya wanda in damina ta zauna sosai sai ya yi kwanaki bai bar kowa ya wuce ba.

Mai ɗakina ta tambaye shi jikin Inna. Nan dariyarsa ta tsaya. Ya ce kunu kaɗai take sha, kuma duk wanda ya hau sai ta tambaye shi ko jirgi ya zo.

Washegari ba mu hau ba, don da ruwa gari ya waye. Matar gidan ta yi mana gwaten acca da yakuwa da gauta, abincin da in ka sha kwano ɗaya sai ka nemi na biyu ba kunya. Aka kamo zakara aka miƙa wa Sarkin Dukawa da wuƙa, aka ce shi Musulmi ne, ya yanka da hannunsa don ya ci da kwanciyar rai. Abin ya taɓa shi ƙwarai, har ya manta da zancen fata. Mai ɗakina kuwa a bakin ƙofa ta wuni tana kallon inda dutsen ya kamata ya kasance. Na san abin da take lissafawa, kuma na ji tsoro, ba na ɓoye muku. Tsoron kada a ce mun yi tafiyar nan duka, sai wuni guda ya raba ta da uwarta.

Allah ya taimake mu, gari na gaba ya waye tas. Wan nata ya dubi sama ya ce yau ruwa ba zai zo ba sai la'asar. Muka kama hawa da sanyin safiya, shi a gaba, mu a baya da jajayen takalmanmu. Farkon hanyar daɗi gare ta: inuwa, tsuntsaye, birai a kan duwatsu suna kallonmu kamar masu karɓar haraji. Har Sarkin Dukawa ya fara cewa ashe bai fi Kufena da wani abu ba, tsawo ne kawai.

Bai rufe baki ba muka iso wani falalen dutse mai faɗi, ruwa na tsattsafowa a kansa, gansakuka ta yi masa shimfiɗa. Sarkin Dukawa ya sa ƙafar dama, ya ɗaga ta hagu, sai ga shi zaune, ya taho suuu ya wuce ni yana salati, bai tsaya ba sai da wani kurmi ya tare shi. Ban gama dariya ba ni ma na bi sahu, sai dai ni a kan gwiwa na yi tawa. Wan mai ɗakina ya sauko ya ɗaga takalmin ya juya ƙasansa, ya shafa, ya yaba ɗinkin ƙwarai, sannan ya tambaya da ladabi ko za mu iya rataya su a wuya. Haka aka yi. Malamin makaranta da sarkin da ba a naɗa ba, ƙafa tsirara, takalma na reto a ƙirji kamar laya.

Abin da na gani bayan nan ba zan manta ba. Mai ɗakina, wadda a gida ko tsakar gida ba ta takawa ba takalmi, ta tuɓe nata ta ɗaura zane sama da gwiwa. Da farko tana ɗingishi. Can sai na ga yatsun ƙafarta sun buɗe suna kama dutse, tana sa ƙafa a 'yan ramukan da ni ban ma lura da su ba, ba ta duba ƙasa. Wanta ya tsaya ya ba ta hanya, ta wuce gaba. Shekara ashirin da wani abu muna ɗaki ɗaya, ban taɓa sanin tana da wannan tafiyar ba.

Ruwan da aka yi mana alkawari da la'asar kuwa bai jira ko azahar ba. Iska ta juya, wuri ya yi duhu, tsawa ta fashe kusa da mu har na ji ta a haƙori. Wan nata ya ce yau kam dutse ya ƙaryata shi. Ya ce rafin yana gabanmu kaɗan: ko mu juya yanzu, ko mu yi sauri mu haye kafin ruwan bisa ya gangaro, kuma in muka juya bai san ranar da za a sake samun safiya irin wannan ba. Ni dai na buɗe baki zan kawo shawara irin ta masu hankali, sai na ga ba wanda zan ba, mai ɗakina ta riga ta yi gaba da kwano a ka.

Ruwan rafin a gwiwa muka same shi, ja, mai sanyi kamar yankan wuƙa. Muka kama hannun juna muka haye, Sarkin Dukawa na karanto duk addu'ar da ya sani, ni ina amsa masa da amin da zuciya ɗaya. Muna fita ƙanƙara ta fara sauka, muka faɗa ƙarƙashin wani dutse mai baki, muka tarar awaki sun riga mu, suka matsa mana ba don suna so ba. Daga nan muka ji rafin ya canza murya. Na leƙa, wurin da muka taka ɗazu ba alamarsa, har da kututture yake tafe da shi. Mai ɗakina ta buɗe murfin kwano ta taɓa rigar, ta ga a bushe take, ta rufe.

Da ruwa ya tsagaita muka ƙarasa. Kan dutsen fili ne, da 'yan ƙananan ɗakuna masu jinka a maƙale tsakanin duwatsu, gajimare na ratsa tsakar gida kamar hayaƙin girki. Muna rawar ɗari aka shigar da mu ɗakin Inna. Tana kwance gefen wuta, 'yar ƙarama, ta ƙanƙance, idanu a buɗe amma ba sa ganin kowa.

Mai ɗakina ta durƙusa ta gaishe ta. Da Hausa ta gaishe ta, don harshensu ya gudu daga bakinta. Wanta ya sunkuya ya ce wa tsohuwa ga 'yarta ta zo, ta juya kai gefe kamar ba ta yarda ba, don muryar da ta ji ta baƙuwa ce.

Sai tsohuwa ta miƙa hannu tana lalube. Ba fuska ta nema ba, ƙasa ta yi da hannun har ta kama ƙafa. Ta shafa taɓon, ta shafa inda dutse ya yanka, ta bi yatsun ɗaya bayan ɗaya. Sannan ta ɗaga murya, muryar da ban zaci tana da sauranta ba, ta yi ta faɗa. Na tambayi wan me take cewa. Yana share ido yana dariya ya ce, "Faɗa take yi mata. Ta ce wane mahaukaci ne ke hawa dutse da ruwa, ba ta hana ta tun tana yarinya ba?"

Kuma sai na ji mai ɗakina ta amsa, da harshen da ban taɓa ji a bakinta ba, guntu-guntu, irin maganar yara. Wan ya ce cewa ta yi ba za ta ƙara ba. Ni da Sarkin Dukawa muka fita waje, shi yana cewa hayaƙi ne ya shiga masa ido, ni ma na ce hayaƙin ne.

Kwana biyu muka yi a bisa. Inna ta sa rigar ulu ta ƙi cirewa, har ta sha kunu fiye da yadda ta saba. Ni kuwa tsakanina da ita sai gaisuwa daga bakin ƙofa, kunyar surukai ba ta san dutse ba. Rannan wan ya ce rafi ya faɗa, gobe da sassafe sai sauka, in ba haka ba makaranta za ta buɗe ba malami. Da yamma mai ɗakina ta kira ni bayan ɗaki, ta miƙo mini jajayen takalmanta.

Ta ce, "Malam, ka tafi mini da su gida, a nan ba su da aiki. In na sauka gobe, sai kaka zan iya dawowa, kuma ka ga jikinta. Ka yi mini izini in yi damina da ita."

Na so in kawo zancen yara, na tuna suna wurin yayata kuma babbar ta iya tuwo. Na so in kawo zancen kaina, na ji kunya. Na ce ta zauna, Allah ya ba da ladan jinya. Da muka je sallama Inna ta sa aka gaya mini in zo in an yanke acca in ɗauki matata, kuma kada in sake in zo da takalmi.

Saukowa ba ta ba mu wuya ba, sai dai gwiwa da ta yi ta kuka. Jirgi ya kwaso mu, koren ƙasa yana raguwa tasha bayan tasha, har muka dawo cikin zafinmu kamar ba mu je ko'ina ba. Sarkin Dukawa bai sayi fata ko ɗaya ba, kuma tun da muka dawo ban ji ya ambaci Kufena ba. Yanzu wani takalmi yake gwadawa mai ƙasan tayar mota, wai na kaka.

Ga abin da zan ce wa mai niyyar hawa dutse irin wannan. Kada ka tambayi samaniyar garinku, ka tambayi mutanen dutsen. Ka tafi da kaka, ka hau da safe, ka riƙe bargo ko da gumi kake yi a tasha. In kuwa tsoho ne ya aiko a kira ka, to wannan ba shi da lokacin da ya fi ranar da saƙon ya iso.

Shekaranjiya ruwan fari ya sauka a Tudun Wada. Yara suka fita tsalle, maƙwabta na yi wa juna barka, ni kuwa na tsaya a zaure ina duban kudu maso gabas, ina tunanin inda rafin nan ya kai yanzu. Mun tafi mu uku, mun dawo mu biyu, kuma ban san labarin da zan tarar in an yanke acca ba. Takalmanta suna nan bakin ƙofar ɗakinta. Kullum in babbar 'yarmu ta zo shara sai ta ɗaga su ta share, ta mayar da su inda suke.